Saukar Baƙi Da Bazara A Kontagora

Daga ƙarshen watan Fabrairu, sa'ad da sanyin hunturu ya janye, har zuwa faɗuwar ruwan farko a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, garin Kontagora yakan shiga wani irin zafi wanda duk wanda ya taɓa kwana a can ba sai an ba shi labari ba. Kafin azahar ma'aunin zafi yakan kusanci digiri 40, ruwan randa ya yi ɗumi, ɗakin kwano ya gagari mai shi. Abin mamaki kuwa shi ne a daidai wannan lokaci ne gidajen garin suka fi cika da baƙi. Manomi ya sayar da masararsa da wakensa da dawarsa, kuɗi sun shigo hannu, aikin gona bai taso ba tukuna, saboda haka kowa yana so ya aurar da 'yarsa ko ya yi walimar saukar ɗansa kafin damina ta kama.

Saukar baƙi daɗaɗɗen abu ne a wannan gari. Masu ba da labari sun ce sunan ma daga zango ya samo asali, watau lokacin da Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya iso wurin ya ce wa mutanensa su kwantar da gorunansu na ruwa, an zo masauki. A 1864 ne ya kafa garin, zuriyarsa kuma su ne ke riƙe da sarautar Sarkin Sudan har yau. Garin yana kan babbar hanyar da ta taso daga Ikko ta bi ta Ilori da Jebba da Mokwa, ta wuce Yawuri da Jega zuwa Sakkwato, ga kuma hanyar Tegina da ta Rijau da Zuru. In aka ce ana biki a wani gida, dangi sukan zo daga duk waɗannan kusurwoyi, har da abokan arziki Kambari da Dukawa da Fulani na ƙauyukan masarautar.

A 'yan shekarun nan abubuwa biyu sun ƙara wa masu masauki nauyi. Na farko, azumi da Sallah sun yi ta faɗowa cikin tsakiyar bazara. An yi Ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilu a 2023, da 10 ga Afrilu a 2024, da 30 ga Maris a 2025. Babbar Sallah kuwa, wadda aka yi ranar 16 ga Yuni a 2024 da 6 ga Yuni a 2025, tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, ke nan layya za ta yi shekaru tana faɗowa cikin Mayu da Afrilu, lokacin da ɗanyen nama ba ya jimirin yini guda. Na biyu, tun wajen 2020 da 'yan bindiga suka addabi ƙasashen Mariga da Rijau da Magama da Mashegu, mutane sun rage tafiyar dare. Baƙon da a da zai zo da safe ya juya da magariba, yanzu yakan zo tun ana gobe biki, ya kuma kwana bayan an watse. Wasu gidajen ma suna ɗauke da 'yan'uwa da suka gudo daga ƙauye, waɗanda tilas a lissafa da su a kowace tukunya.

Yadda aka saba

Abin da aka saba gani a gidan biki sananne ne. Tun tsakar dare mata sukan ɗora manyan tukwane na shinkafa dafa-duka, domin su gama kafin rana ta fito ta haɗu da zafin murhu. Da ƙarfe 7 na safe an sauke, an zuba cikin manyan kuloli, an rufe, an jere a ɗaki. A gefe guda ga daro cike da yankakken kabeji da karas da dafaffen ƙwai, an kwaɓa da mayonis, ga kunun aya cikin jarkoki. Sai a ɗaura aure, a yi gaishe-gaishe, a jira manyan baƙi, ba za a buɗe kulolin ba sai bayan azahar ko ma la'asar. Wanda ya rage kuma a ɗaɗɗaure cikin leda a ba masu tafiya, sauran a kira almajirai da daddare.

Wannan tsari yana da sauƙi ga masu girki, amma fa akwai haɗari a cikinsa wanda ido ba ya gani. Likitoci sun nuna cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa cikin abincin da zafinsa yake tsakanin digiri 5 da digiri 60, watau abincin da ya huce daga tafasa amma bai yi sanyin firiji ba. In yanayi ya yi musu daidai, wasunsu sukan ninka yawansu cikin kowane minti 20. Da wannan lissafi ƙwaya guda tak za ta haura miliyan 2 cikin sa'a 7, kuma kusan tsawon lokacin ke nan da shinkafar biki take yi tsakanin saukewa da rabo. Kula tana riƙe zafi na ɗan lokaci, daga nan sai ta koma riƙe ɗumi da gumi, waɗanda su ne ƙwayar cuta take nema.

Shinkafa kuwa tana da tata matsalar ta musamman. Akwai wata ƙwayar cuta da masana ke kira basilas siriyas, wadda irinta yake zuwa tare da ɗanyar shinkafa tun daga gona, kuma tafasa ba ta kashe shi. Da zarar shinkafa ta huce ta zauna, sai irin ya farfaɗo ya zuba dafi a ciki. Wannan dafi ɗumame ba ya karya shi. Dalili ke nan da ya sa akan ga mutum ya ci shinkafar da ba ta yi yami ba, ba ta yi wari ba, har ma an sake ɗumama ta, amma cikin 'yan sa'o'i amai ya kama shi. A irin wannan hali jama'a sukan ce sammu ne ko kambun baka, alhali maganar tana cikin kula.

Kada a ɗauka ƙaramin abu ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu suna mutuwa, kuma 125,000 daga mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace jin jiki in aka auna da yawan jama'arta. A nan gida kuma, a 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙidaya fiye da mutum 110,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, galibinsu a jihohin Arewa. Kwalara da ruwa take tafiya da kuma hannun da ba a wanke ba, gidan taro kuwa nan ne hannu ɗari ke haɗuwa a kwano guda.

Wani zai ce ai sai a sa a firiji. To, Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma duk da haka babu uwargidan da za ta jingina abincin mutum 200 ga wutar lantarki ta kwana da hankali kwance. Janareta kuma, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ba kowane gida ne zai iya kunna shi yini guda ba. Saboda haka shirin da zai yi amfani shi ne wanda aka gina a kan cewa babu firiji sam.

Lissafi kafin a hura wuta

Mataki na farko shi ne maigida da uwargida su zauna tun saura mako biyu su ƙidaya baki, su kasa su uku: masu kwana, masu yini, da masu zuwa ɗaurin aure su wuce. Kowane kashi da bukatarsa. Mai wucewa ruwa mai sanyi da goro da dabino da ɗan abin taɓawa sun ishe shi. Masu kwana ne ke bukatar ci sau uku, kuma galibi ba su kai yawan da ake tsoro ba.

Ga shinkafa, kilo guda yakan ciyar da mutum 8 su ƙoshi, watau rabin buhu mai kilo 50 ya ishi mutum 200. Tun da a ƙasar Hausa ba a kore wanda ba a gayyata ba, daidai ne a ƙara rubu'in abin da aka lissafa. Amma wannan ƙari a bar shi ɗanye cikin buhu, a tanadi itace da tukunya guda a gefe. In jama'a sun fi zato, shinkafa ba ta wuce sa'a guda a kan wuta. In ba su zo ba, buhun yana nan don cefanen gida. Rarar da aka dafa kuwa ta zama asara ko ta zama cuta.

Mataki na biyu shi ne a daina yin girki guda na yini ɗungum, a raba shi zango-zango. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bayarwa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a 2 a ajiye, in zafin gari ya haura digiri 32 ma sa'a guda ce. Ke nan lokacin ci shi ya kamata a fara tsayarwa, sa'an nan a ƙirgo baya a san lokacin ɗora tukunya. In ɗaurin aure bayan Juma'a ne, sai a auna a sauke wajen ƙarfe 2. Miya ana iya soya ta da sassafe a bar ta bisa garwashi tana ɓararraka, domin abin da ke tafasa ba ya lalacewa. Tukwane matsakaita guda uku da za a sauke bi da bi sun fi ƙatuwa guda da za ta yini tana jira. Kuma tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a raba aikin ga gidajen maƙwabta da dangi kamar yadda aka gada, wannan gida koko da ƙosai na safe, wancan tuwon dare. Haka kuma matan da ke bakin murhu su riƙa karɓeɓeniya ƙarƙashin rumfa, da ruwan sha kusa da su, domin su ne suka fi kowa shan zafi a ranar.

Abincin da ya san bazara

Kakanni ba su da firiji, amma sun yi ta saukar ayari. In aka duba abincin da suka bari za a ga iri uku ne ke jure zafi: busasshe, da mai tsami, da wanda ake ci daga wuta zuwa baki. Kilishi da dambun nama da soyayyen nama wanda ya soyu ƙwarai sukan yi kwanaki. Haka alkaki da nakiya da dubulan da cincin, shi ya sa ma aka zaɓe su a matsayin kayan gara, domin za su yi tafiya su kuma jira. Waɗannan ana iya gama su tun saura kwana uku, a rage wa ranar biki aiki.

Na ci da zafi kuwa, babu kamar masa da sinasir da ƙosai. A ɗauko mata biyu ko uku da tandunansu su zauna a inuwa suna toyawa ana ɗauka, ga miyar taushe ko ƙuli da yaji a gefe. Mai tsire ko balangu shi ma ya kafa tukubarsa a ƙofar gida, ya gasa a gaban jama'a. Dambun masara ko na tsakin shinkafa da zogale yana da auki, yana da arha a ƙasar da masara ta yi yawa kamar Kontagora, kuma ana turara shi kashi-kashi. Da dare tuwon dawa ko na masara da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, a jefa busasshen kifin Yawuri, ya fi wa dattawa daɗi a kan shinkafa mai maiƙo. A maimakon haɗin kabeji da mayonis da ƙwai, wanda shi ne farkon lalacewa, a yi kwaɗon zogale ko na rama, ko a yanka gurji da tumatir da albasa a barbaɗa ƙuli, amma a haɗa shi sa'ad da za a ci. Lokacin mangwaro ne kuma da kankana. A wanke su da ruwa mai tsabta, mangwaro a ba da shi ɗungum, kankana kuma kada a fasa ta sai mai ci yana tsaye, saboda ƙuda.

Wake yana bukatar a yi hattara da shi. Kontagora ƙasar wake ce, amma wasu masu ajiya sukan zuba masa maganin ƙwari mai ƙarfi don gudun ƙwaro. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a ciki, hukumar NAFDAC kuma ta sha yin gargaɗi a kai. Mai sayen waken ƙosai ko alala na taro ya sansana kafin ya auna, ya fi son wanda aka adana cikin buhu mai leda biyu ko durom da aka toshe ba tare da magani ba. Hatsi da gari kuma a rufe su da kyau, domin rani ne lokacin zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa ta fitsari da kashinsa.

Nama a yanka shi bayan asuba, a fara da kayan ciki, a gama suya a ranar. Wuƙa da faranti da aka yi aikin ɗanyen nama ko kaza da su kada su kusanci albasa da tumatir da za a ci ɗanye sai an wanke su da sabulu. Wannan gargaɗi zai ƙara amfani a layyar shekarun da ke tafe.

Ruwa shi ne rabin karramawa

Baƙon bazara ruwa yake fara nema kafin abinci. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, wani babban asibiti a Bamako kuma ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana 4, da yawansu tsofaffi. Darasin da ke ciki shi ne a fara tanadar wa tsofaffi da masu ciki da yara inuwa da ruwa. A lissafa wa kowane baƙo aƙalla ledar ruwa 3, watau mutum 200 leda 600, jaka 30 ke nan mai ɗauke da 20. A saya daga inda aka amince, a ajiye a inuwa. In ruwan rijiya ne ko na 'yan garuwa, a tafasa shi ko a sa masa maganin tsarkake ruwa tun daren jiya, a zuba a randa mai murfi, da moɗa guda mai mariƙi wadda ba a sha da ita.

Zoɓo da kunun tsamiya da lamurje sun dace da wannan lokaci, muddin da tafasasshen ruwa aka yi su. Kunun aya kuwa sa'o'i kaɗan yake yi ya juya, in ba za a sha nan take ba gara a haƙura da shi. Fura da nono abinci ne da abin sha a haɗe, sai dai a nemi kindirmon da aka dafa madararsa, a dama a gida. Ƙanƙarar kasuwa ba a san da ruwan da aka yi ta ba, saboda haka a jera robobi da ledoji a kanta su yi sanyi, kada a fasa ta cikin abin sha. Wajen wanke hannu kuma a bar al'adar daro guda da kowa ke tsomawa. A sa yara biyu da buta da sabulu suna zuba wa mutane. Yana da kyau a ajiye 'yan ƙullin gishiri da sukari na asibiti a gida. In babu, cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita guda ta ruwa mai tsabta sukan riƙe mai gudawa kafin a kai shi asibiti.

Girma da bashi

Duk wannan bayani uwargida ta san rabinsa tun da daɗewa. Abin da ke hana aiki da shi shi ne tsoron bakin mutane, kada a ce gidan wane an ba baƙi dambu. Wannan tsoro ne ke sa magidanci ya sayar da hatsin da zai ci da damina, ko ya ci bashin da zai kai shi kaka yana biya, a lokacin da tsadar abinci ta kai matan Minna ga fitowa kan titi a watan Fabrairun 2024. Hausawa sun ce kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Malamai kuma sukan ba da labarin walimar auren Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Nana Safiyya a hanyar dawowa daga Haibara, inda aka shimfiɗa buzaye, aka haɗa dabino da cuku da man shanu, jama'a suka ci. Babu gurasa, babu nama, kuma ba a taɓa jin wanda ya raina wannan walima ba.

Akwai kuma haƙƙin waɗanda ke cin ƙarshen tukunya. Almajiri da maraya da ɗan gudun hijira su ne ake miƙa wa shinkafar da ta yini a kula, su ne kuma ba su da kuɗin asibiti in ta juya musu ciki. Wanda ya yi niyyar sadaka ya ɗebi rabonsu tun tukunya tana kan wuta, su ci tare da kowa. Abin da ya wuce lokacinsa a zubar, ko da rai yana ƙyashi. Masu tafiya kuma a sallame su da kilishi da cincin da alkaki, waɗanda za su kai Zuru ko Minna lafiya.

Hukuma ita ma tana da nata. Dattawa suna tuna zamanin En'e, lokacin da duba-gari ke shiga gida-gida yana leƙa randa. Ma'aikatan tsabta na ƙananan hukumomin masarautar Kontagora guda shida suna iya tara masu kwangilar girkin biki da mahauta da masu ƙanƙara kafin kowace bazara, a koya musu waɗannan ƙa'idoji, limamai da masu unguwanni kuma su taya da faɗakarwa. Rigakafi dai ya fi magani, kuma wannan ba ya cin kuɗi mai yawa.

Shimfiɗar fuska, in ji masu iya magana, ta fi ta tabarma. Baƙon da aka tarye shi da fara'a, aka ba shi inuwa da ruwa mai tsabta da masa mai zafi, ya koma gida da ƙafarsa, ba shi da abin faɗi sai alheri. Allah ya sa a yi taro lafiya, a watse lafiya.